Goran Zumar da Aka Gada

An yi wani manomi mai ɗaura amya a kan itatuwan ɗorawa, wanda ya gaji goran zuma daga mahaifinsa. In ka ji ta bakinsa, tun shekarar da fara ta cinye dawa aka ɗebo zumar, kuma babu tarin da ya taɓa gamuwa da ita ya kwana. Sai dai mutumin nan ba zumar yake girmamawa ba, goran yake girmamawa. Ya saƙa masa ragaya, ya rataye shi a ƙuryar ɗaki, in zai gifta ta ƙarƙashinsa har ɗan rusunawa yake yi. Duk shekara bayan girbi sai ya sauke shi, ya shafe tsagar wuyansa da ƙaro, ya ƙara liƙe bakin da kaki, yadda ya ga tsohon yana yi. Liƙi kan liƙi, bakin da a dā cokali ke shiga ya tsuke, ko tsinken tsintsiya sai ya yi sallama kafin a ba shi hanya. Zumar kuwa ta daskare a ciki, ta yi zamanta.

Wata damina tari ya kama matarsa, irin mai fitowa daga ƙahon zuci. Ta bar zuwa gona, ta bar daka, zobe ya soma zamewa daga yatsarta. Sabuwar zuma kuma babu, don ba lokacin shanta ba ne. Ya sauko da gora ya kife shi a bakin ƙwarya, kwana uku cur. Ɗigo guda ya fito, shi ma ƙuda ya riga su. Ya shanya goran a rana, ya girgiza, ya bubbuga gindin, har lallashinsa ya yi. Maƙwabta suka ce ya yanke wuyan ya juye a robar fenti. Ya ce Allah ya kiyaye, zumar mahaifinsa ba za ta zauna inda fenti ya zauna ba, albarkarta guduwa za ta yi. Matar tana kwance a tabarma tana ji. Da tarin ya ɗan sake ta, sai ta ce, "Maigida, ka zaɓi wanda za ka binne, ni ko goran."  Sannan ya wasa wuƙa, ya kau da kai kamar mai yanka akuyar da ya rena, ya fille wuyan. Ya kwashe zumar cikin wankakkiyar robar fenti, ya dangwala da yatsa ya lasa, yana jiran ya ji ta lalace. Ɗanɗanon da ya sani tun yana yaro, shi ya ji, ko gezau. Aka narka ta da citta da lemon tsami. Kafin kasuwa ta zagayo sau biyu, matar ta tashi tana yi masa faɗa a kan kaji, alamar sauƙi ya samu.

To, Dattijo, kai da ka ce ba za a karanta sabuwar fassarar Littafi Mai Tsarki a majami'arku ba muddin kana numfashi, ka ji fa. Hausar da kake karewa ta mutanen da ke auna zane da kamu ce, suna ƙirga tafiya da zango. Jikokinka da mita da kilomita suka buɗe ido. Ran Lahadi suna amsa maka "amin" da ƙarfi, su fita ba su lasa komai ba. Bisharar ma ba a Hausa aka fara zuba ta ba, goruna nawa ta shiga kafin ta iso hannun kakanninmu? Robar yau ita ma wata rana za ta tsage, a nemi wata. Amma labarin cewa Yesu Almasihu ya mutu domin masu zunubi, ya kuma tashi, yana nan da zaƙinsa, kuma shi ne mai warkarwa. Masu iya magana ba su ambaci gora ba da suka ce: da tsohuwar zuma ake magani.