Yunwar Almasihu da Ƙwaryar Anza

'Yan gidanmu har yau cewa suke a kan abinci Inna da Baba suka yi faɗa shekarar fari. Ba haka ba ne, ina wurin. A kan Almasihu ne.

Da la'asar ne, a ƙauyenmu kusa da Gidan Rumji. Inna na tsame anza, 'ya'yan itacen daji da ake ci lokacin yunwa, kwana uku a jiƙe amma ɗacin bai fita ba. Baba, mai wa'azi a 'yar majami'armu, ya karanta mana yadda Yesu ya yi kwana arba'in a jeji bai ci ba, wai mu yi haƙuri.

Inna ta ce, "Malam, cikinsa ya yi ƙugi kamar na yarinyar nan?"

"Ke, Allah ne fa."

"To wace yunwa ya sani? Me zan gaya mishi?"

"Ai mutum ne kuma, ya ji ta sarai."

"In ta kama shi kamar mu, da me zai cece mu?"

"Duka biyun ne, Saratu."

Inna ta turo mani ƙwaryar, ba ta ce a yi addu'a ba. Na kasa sa hannu, don ban san wa zan gode wa ba, mai ƙoshin ko mai yunwar.

Daga baya na yi lakol, makarantar boko, na haddace amsar Baba har da Faransanci, amma a baki kawai ta tsaya. Inna kuwa, da ta bar addu'a tun ranar, yanzu tana yi. Ran kasuwa zan shiga mota in je ƙauye in tambaye ta yaushe ta koma addu'a, kuma wanne take kira.