Lagwanin Tangaran

Lagwani na uku ya karye a hannunsa kamar tsinken ashana. Injiniya ya tsura wa guntayen ido, ya ja tsaki, ya ture su gefen tebur wajen 'yan uwansu. Saura ɗaya tak a leda.

Ba injiniya ba ne, mai gyaran fanka ne. 'Ya'yansa suka laƙaba masa sunan don tsokana, shi kuma ya karɓe da hannu biyu. Ya tsufa yana naɗa waya a cikin inji, yau ga ɗan abin da bai kai yatsa ba yana neman zubar masa da girma.

Tun ranar da likita ya haska ƙirjinsa ya ce ya zaɓa tsakanin taba da huhunsa, babban ɗansa ya sayo masa sigarin lantarki. Ana zuba masa ruwa a ɗan tanki, auduga ta tsotsa, waya ta yi zafi ta mai da shi tururi. Yaron ya ce nikotin ɗin da ke cikin ruwan ne zai riƙe shi. Injiniya ya ce to a ba shi mafi ƙarfi, shi ba yaro ba ne.

Da fari abin ya karɓe shi. Daga baya ya soma mita. Zai zuƙa har kumatunsa su lotsa, amma ɗan dukan nan da yake ji a maƙogwaro babu shi. Ya ɗora laifin kan batir, ya canza. Ya ɗora kan waya, ya sake naɗi. A tsakanin nan ya fasa kofi, ya yi faɗa da maƙwabci a kan kwata, ya daka wa jikarsa tsawa don ta yi dariya. Sannu a hankali zafin ya sauka, barci ya dawo, ya koma cinye kwano har ya nemi ƙari. Mitar ce kawai ba ta sauka ba.

Ƙarshe ya yanke wa auduga hukunci. Ita ce munafukar, ita ke shanye ƙarfin ruwan ta bar masa ƙauri. Wani da ya kawo gyaran fanka ya ce masa akwai lagwani na tangaran, ba ya ƙonewa, ba ya ɓata ɗanɗano. Ya sa aka kawo masa huɗu. Ya buɗa ramin tankin da ɗan bakin dirilsa, ya goge tangaran da sanfefa har ya shige. Wajen naɗa waya ne kowanne ke cewa ƙas.

Matarsa tana can ɓangaren ɗakin a kan keken ɗinki. Ita ke sayo ruwan, don shagon layinsu ɗaya da mai zare. Ita ke juye shi a tsohuwar kwalba mai siririn baki, wai kada ya ɓarar. Mace ce da ba a faɗa ta yi shiru, amma a kan wannan mita ba ta taɓa tanka masa ba.

Ya miƙe, ya ɗauki leta daga kan taga ya jefa a aljihu.

"Kin ga wannan na ƙarshen? In ya karye, kantin bakin titi zan nufa. Kwalin taba zan saya, ba kara ba. Likitan ya zo ya kama ni."

Keken ya tsaya. Ta san shi sarai: in ya furta abu a gabanta, ko don kada a ce ya fasa sai ya aikata.

Ta buɗe gwangwanin alluranta, ta zaro basilla ta ajiye a gabansa. Ta ce yana matse abin kamar yana jin haushinsa. Ta ce ya naɗa wayar a jikin basillar tukuna, ya zare, sannan ya zura tangaran ɗin. Ya ce ai abin da yake shirin yi ke nan. Ta ce ta sani.

Ya gyara tabarau. Ya naɗa, ya zare, naɗin ya yi faɗi. Ya warware ya sake, ya yi tsukuku. Gumi ya ɗiga a kan tebur. A karo na uku lagwanin ya shiga rabi ya cije. Ya riƙe numfashi, ya murɗa shi kaɗan da hantsaki. Bayansa ba a jin ko motsin almakashi.

Ya shige.

Ya ɗaure kusoshin, ya ɗiga ruwa, ya jira ya jiƙa. Ya danna, ya zuƙa. Tururi mai ɗumi ya cika masa baki, ya sarƙe shi har idonsa ya kawo ruwa.

"Yauwa. Ga shi nan, ya kama ni. Ban gaya miki audugar ce ba?"

Ta ce haka ne, ya gaya mata. Ya yi mata dogon bayani a kan zafi da naɗi da abin da masu kamfani ba su sani ba. Ya fito da letar ya ce a kai kicin, ta fi amfani a can. Sannan ya ɗaga kwalbar, ya ce ruwa ya yi ƙasa, ta tabbatar an ba ta mai ƙarfin.

Ta yafa mayafi ta fita. Sai da ta sha kwana ta jingina da bango, ta sauke ajiyar zuciya.

Mai shagon yana ganinta ya yi murmushi. "Mama, ya jikin Baba? Irin na kullum?"

Ta gyaɗa kai. Ya miƙa hannu can ƙasan kanta, ya ɗauko mata irin wanda tsohon yake zuƙa wata da watanni, wanda babu ko ɗigon nikotin a cikinsa.