Yi Haƙuri da Hagu

Da hagu mahaifiyata, Mma, ta miƙo mini kofin koko. Matar da ta taɓa marina a tsakar gidanmu na unguwar Nima don na ba baƙo ruwa da hagu.

Shekara goma sha tara na yi a ɗakin bincike a Turai, ina raba tagwayen sinadarai masu kama da hannun dama da na hagu. Na gano hanyar samar da na daman kaɗai don haɗa maganin hawan jini. Da na yi mata bayani a waya, dariya ta yi: "Ashe Turawa ma sun san dama ta fi."

A wayar nan ta ce hannunta yana mata nauyi. Na ce ta shafa man zafi, ina da taro. Ban sake tambaya ba.

Yanzu hannun daman yana kwance a cinyarta, ba ya motsi. Hawan jini ne ya shanye shi.

Ta sunkuyar da kai don kunya.

"Dokta," ta ce mini, bakinta a karkace, "yi haƙuri da hagu."