Talatin da Biyu

Qiao Yunxia ta goge gumin tafinta a jikin farar riga kafin ta tura ƙofar. Karonta na uku ke nan a gwajin lissafin magani, kuma dokar makarantar koyon aikin jinya ba ta da sassauci: wanda ya faɗi sau uku ya tattara komatsansa. Ita kuwa in ta tattara, sai gonar barkonon babanta can bayan duwatsu.

Sau biyun farko a takarda ta faɗi. Tun daga nan ta duƙufa, ko taliya take ci tana ninka miligiram da kilo, har ƙawayenta suka fara tsokanarta wai lissafi za ta aura.

Yau gwajin aiki ne. An kwantar da yaron roba a gado, ga tiren allura, ga sikeli a lungu. Malama Dou, wadda ɗalibai ke kira Ƙanƙara a bayan idonta, ita ke zama uwar yaron kowace shekara, ba ta taɓa bari wani malami ya karɓe ta ba. Tana zaune a bakin gadon, hannunta a goshin robar.

"Jijjiga yake yi, ta ƙi tsayawa," in ji ta. "Likita ya rubuta miligiram ashirin a kan kowane kilo. Yi sauri!"

"Nawa ne nauyinsa, Uwar yaro?"

"Talatin da biyu." Ko takarda ba ta duba ba.

Daɗi ya kama Yunxia, ai wannan ko a barci ta iya. Ɗari shida da arba'in. Ta sake ninkawa don tabbatarwa, ta zuƙi ruwan maganin, ta buga sirinji da farce, ta miƙa.

Malama Dou ta daɗe tana kallon sirinjin. "Kin kashe shi."

"Malama, lissafina daidai ne! Ki duba mana!"

"Daidai ne. Ke nawa ne nauyinki?"

"Casa'in da shi..." Maganar ta maƙale. Kilo arba'in da takwas take. Kaf garin nan babu uwar da ke faɗin nauyin ɗanta da kilo. Da awon kasuwa ake faɗi, wanda ake auna kabeji da shi, kowane ɗaya rabin kilo ne. Yaron kilo sha shida ne. Ninki biyu ta zuƙa, sikeli kuma yana taku uku daga inda take tsaye.

Malamar ta zare murfin jan biro. Yunxia ta ji kamar ta tashi ta shaƙe matar.

"Wannan mugunta ce, tarko kika ɗana mini! Wa zai yi haka a asibitin gaske?"

"An yi. Shekara sha tara ke nan, a wani asibitin gunduma. Yaro ɗan shekara huɗu, nas mai shekara tara a bakin aiki. Jijjigar ta tsaya, numfashin ma ya tsaya. Kafin a kawo abincin rana an rufe masa fuska."

"To ai laifin uwar ne, ita ta faɗi lambar! Me ya sa nas za ta ɗauka?" Kuka take yanzu, ba ta damu wa zai ji ba. "Ki taimake ni, Malama, babana ba zai iya jin wannan ba."

Malama Dou ta ja jan layi a ƙarƙashin sunanta, ta sa hannu, ta rufe fayil ɗin.

"Babu wanda ya faɗa wa nas ɗin lambar," in ji ta a hankali. "Ban tambayi kowa ba, don wace uwa ce ba ta san nauyin ɗanta ba?"