Hannun Zlata a Ƙarƙashin Haɓata

Sati uku Malama Zlata tana koya mini rarraba doguwar kalmar Rashanci, 'dostoprimechatelnost', wato wurin tarihi da baƙi ke zuwa kallo. Takan sa hannunta a ƙarƙashin haɓata ta ƙirga gaɓoɓi, kamar yadda take wa 'yan aji ɗaya.

Yau ta naɗe hannuwa.

"Timofey, jiya na hau bas ɗinka na 'yan yawon buɗe ido. Na ji ka ce 'dostoprimechatelnost' tiryan-tiryan, gaɓa bakwai, ba tuntuɓe."

"Ƙanena ne."

"Ba ka da ƙane. Ka sake ƙarya, kada ka dawo."

"Zlata Igorevna, kalmar kam na iya. Don hannun nake zuwa."

Ta daɗe tana kallona ta wutsiyar ido. Can ta mayar da hannun ƙarƙashin haɓata.

"Maimaita. A hankali."