Ranar da Deraman Ya Taka Farin Layi

Deraman ya ce duk ƙauyensu babu wanda ya san dokokin tuƙi na Tailan kamarsa. A shagon shayi ya faɗa, ya maimaita a ƙofar masallaci, har aka karɓe makullin motar ɗaurin aure daga hannun Seman, yayan matarsa, aka ba shi. Ɗansa Hafizi ne ango, amarya tana tsallaken iyaka, a Tailan. Limamin can kuwa ya ce in azahar ta yi bai ga ango ba, ɗaurin aure sai bayan azumi.

Sau ɗaya Deraman ya taɓa shiga Tailan, a kwale-kwale, ya sayo shinkafa ya dawo.

Ranar tafiya ya rine gashinsa baƙi wuluk, ya bar tabaransa a gida don kada dangin amarya su ce uban ango ya tsufa. Suna tsallake iyaka ya kafa doka.

"A ƙasar nan in ɗan sanda ya tsare mota, direba kaɗai ke magana. Fasinja ko tari ya yi, sai kurkuku."

"A ina ka karanta?" in ji Seman, yana riƙe da tiren shuɗiyar shinkafa.

"Yaya Seman, kai dai riƙe shinkafarka."

A mararrabar kasuwa yana cikin bayani tayoyin gaba suka haye farin layi. Sai ga ɗan sanda a bakin titi, hannu a sama. Deraman ya taka birki, har miyar kifi ta wanke wa Seman zani.

"Baban Hafizi, ai wannan..." in ji Mek Yah, matar Deraman.

"So kike ki kwana a kurkuku?"

Ta dubi yayanta. Ya ciji leɓe ya juya wajen taga. Ta harɗe hannuwa ta gyara zama.

Deraman ya fita yana ƙanƙance ido. Dogo ne ɗan sandan, da baƙin gilashi, kakinsa ya koɗe don rana, kumatunsa na sheƙi. Deraman ya haɗa tafukansa ya rusuna, ya gaishe shi da iyakar abin da ya iya na yarensu, wato tambayar kuɗin buhun shinkafa. Shiru.

Ya miƙa lasisi, ba a karɓa ba. Ya koma mota ya ɗauko kek ɗin da za a kai wa amarya, ko kallonsa ba a yi ba. Deraman ya haɗu da wanda ba ya karɓar komai, ga rana tana ta hawa.

Sai ya tuna hukuncin taka farin layi: tsallen kwaɗo har ɗan sanda ya sauke hannu. Shi ya ƙirƙiro wannan hukunci a shagon shayi, amma ya faɗa sau da yawa har ya manta nasa ne.

Ya tattare zani, ya kama kunnuwa, ya fara.

'Yan kasuwa suka taru, wayoyi suka fito. Gumi ya narkar da rinin, baƙin ruwa ya gangaro har gemu. Hannu bai sauka ba. Ladan ya fara gwada lasifika, Hafizi ya kifa kai da kujera. Ana haka dangin amarya, da jira ya ishe su, suka iso a kan babura, uban amarya a gaba.

"Ku ɗan yi haƙuri, suruki," in ji Deraman yana haki. "Doka nake cikawa. Na ga hannun ya fara motsi."

Seman ya miƙa wa Mek Yah tiren, ya zagayo kujerar direba ya tada mota.

Wata akori-kura ta tsaya, leburori biyu suka diro da igiya.

"Baba, ɗan matsa," in ji ɗaya.

Suka kwantar da ɗan sandan, wannan ya kama kai, wancan ya kama ƙafa, suka cilla shi baya kan 'yan'uwansa mutum-mutumi da za a kai sabon fenti, hannunsa har yanzu a sama.