Randar da Duba-gari Ya Duba

Shekarar da aka saki ruwan madatsar Bakolori cikin kanal, wato magudanar noman rani, aka tara mu 'yan firamare a wata makaranta kusa da Bakura, mu kwana can mu yi karatun dogon hutu. Hukuma ba ta yarda da irin wannan zama sai duba-gari ya sa hannu.

Ya zo bayan azahar, kakinsa ya sha guga. Hedimasta ya kai shi wurin randa ɗaya da aka wanke da safe aka cika da ruwan rijiya. Mu kuwa kullum ruwan kanal muke sha, a ciki muke wanka.

Inna Hajo, tsohuwar da ke dafa mana abinci, ta durƙusa ta gaishe shi har ta tambayi iyali. Sannan ta jawo ni gabansa.

"Ranka shi daɗe, yaron ga jini yake fitsari. Ba shi kaɗai ba. Ka zo ka ga inda suke ɗibar ruwa."

Bai dube ni ba. Ya tsoma moɗa cikin randar, ya ɗaga ta wajen haske yana neman 'ya'yan sauro, sai ka ce babban likita.

"Inna, randa aka aiko ni dubawa, ba fitsarin ɗiyan mutane ba."

Ya hura hatiminsa, ya buga a takarda.

Na yi shekaru ina fama da tsargiya. Har yau in na ga hatimi a takarda, ba na tambayar wa ya buga. Tambayata ita ce wace randa aka nuna masa.